Jar Fitilar Motar Juma'a

Ranar da Yaya ya karɓe makullin motar Baba, ina shagonmu na Wemtenga ina auna wa wata mata batir. Inna ce ta kira ni a waya. Ko gajiya ba ta tambaye ni ba, ita da takan gaida mutum har ta gaida kajinsa. Ta ce, "In kin tashi ki biyo ta gida. Yayanki ya tafi da makulli, ubanki kuma ya ture kwanon tuwo."

Nan na san abin ba ƙarami ba ne. Baba ko zazzaɓi yake yi ba ya fushi da tuwo.

Baba direba ne tun kafin a haife mu. Daga Nijar ya zo Wagadugu yana saurayi, ya sauka a Zango wurin mutanen garinsu, ya yi shekara da shekaru yana jan kamiyo zuwa bakin teku da dawowa. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya aje babbar mota ya sayi ƙarama, wata doguwa mai ruwan toka, irin waɗanda suka gama wahalarsu a Turai aka turo mana su ƙarasa a nan. Ba haya yake yi da ita ba. Aikinta guda ne, kuma a wurinsa ya fi duk lodin da ya taɓa ɗauka muhimmanci.

Tun da aka rushe ɓangaren unguwarmu na wajen Kuluba, abokan Baba suka watse cikin gari, kowa inda ƙasa ta karɓe shi. Mu gidanmu ya tsira. Saboda haka kowace Juma'a da hantsi Baba yakan wanke mota, ya sa hularsa, ya zagaya ya kwaso tsofaffi huɗu: ɗaya a Larle, biyu a Wemtenga, ɗaya can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Ya kawo su masallacinmu, in an sauko su zauna a zaure su ci tuwon Inna, su yi ta gardamar wanda ya riga wani zuwa Waga, kafin magariba ya mayar da kowa ƙofar gidansa. A cikinsu akwai wanda in ba ranar nan ba, sai ya yi mako bai ji Hausa a bakin tsaransa ba.

A daminar nan ne magana ta taso. Da farko odar motoci ce ta yi yawa a bayansa. Sai wata rana wani mai taksi ya jero da shi, ya leƙo ya ce masa da Mosanci, "Yaba, kakanmu, ka ɗauke ƙafarka daga birki mana." Baba ya dawo gida yana huci, ya ce shi da ya sauko da kamiyo cike da siminti daga kan tudu ba a taɓa koya masa birki ba sai yau. Muka yi dariya muka bar zancen. Ana nan sai wani mai moto, wato babur, ɗauke da farantan ƙwai jere har sun fi kansa tsawo, ya daki bayan motar a wata mararraba. Ba wanda ya ji ciwo, amma bayan motar ya koma kaskon waina. Mutumin ya rantse da duk abin da ya sani cewa tun daga nesa fitilun birki suke a kunne, ba su mutu ba, ba su ƙaru ba, to ta ina zai san lokacin da tsoho ya taka da gaske?

Yaya shi ne babbanmu, ma'aikacin biro ne, wato ofis, mutum mai son a yi komai a kan takarda. Ya kai motar gareji ranar Asabar, rana tsaka, aka taka birki fitilu suka kama, aka saki suka mutu. Makanike ya ce mota lafiyarta lau. Yaya ya haɗa lissafinsa: in mota lafiya take, to ƙafar Baba ce ke kwanciya a kan birki bai sani ba. Ya zo gida ya durƙusa, ya yi ladabin duniya, ya fita da makulli a aljihu. Ya ce tsofaffin Juma'a za a nemo musu taksi.

Da na isa gida na tarar da Baba a zaure ya juya wa ƙofa baya. Shi Baba "Uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Uwata, wai taksi. Buhunan gero ne su da za a turo a kwaso?" Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin wuyansa ya sunkuya haka ba.

Ni kuwa, Allah ya sani, ba a yi min haƙuri da yawa ba. Lantarki na karanta a makarantar koyon sana'a, ni kaɗai ce mace a ajinmu, kuma baki ne ya fid da ni daga hannun mazan nan. Na hau motona na nufi gidan Yaya. Na same shi yana cin benga, shinkafa da waken nan, na ce masa makanikensa bai san komai ba sai taka birki da karɓar na goro.

Ya ce, "Bon, ke kin fi shi sani ke nan."

Na ce, "Nesa ma."

Ya aje cokali. Ya ce shi ma ɗan Baba ne, ba daga sama ya faɗo ba, kuma yau ƙwai ne, gobe ɗan mutum ne. A nan dai gaskiyarsa ce, amma ban nuna masa ba. A ƙarshe ya jefo min makullin a kan tabarma, ya ce nan da Alhamis in nuna masa laifin mota da idonsa. In ban nuna ba, magana ta ƙare, kuma kafin nan kada motar ta motsa daga ƙofar gida.

Lahadi da safe na kwaso kayan aikina: na'urar awon wuta, sukundireba, da ƙwan gwaji mai waya biyu. Motar tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, har lokacin tana ƙarnin ƙwai. Matsalar ita ce mutum ɗaya ba ya taka birki kuma ya tsaya a baya yana kallo. Baba ya ce shi ba ruwansa, tunda an ce ƙafarsa ce mara lafiya. Sai na jawo Inna.

Inna ta yi shekara arba'in da wani abu tana auren direba, ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta cire takalmanta a waje kamar za ta shiga masallaci, ta tattare zani, ta zauna a bakin kujera ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce, "Inna, na tsakiya za ki taka." Ta ce, "In ta tashi fa?" Na ce ba za ta tashi ba. Ta ce haka ubana ya ce mata a kan wata akuya. Da ta taka kuwa, da dukkan ƙarfinta ta taka, tana salati, har motar ta girgiza. Maƙwabciyarmu mai sayar da zom-kom, ruwan geron nan na sha, ta bar tulunta ta zo kallo, tana cewa da Mosanci yau Hajiya za ta kai mu Makka.

Fitilu suka kama. Inna ta saki, suka mutu. Muka yi haka ya fi sau ashirin. Na lura ɓangaren hagu ya fi na dama ja, amma na ce ai murfin dama ne rana ta cinye, na wuce. Wannan sakacin har yau yana ba ni haushi. Na kwanta a ƙasan sitiyari na duba ɗan makunnin da ke saman feda, wanda ke kunna fitila in an taka. Yana shiga yana fita yadda ya kamata. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Na kwance wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, na kankare tsatsa, na mayar. Har azahar ban samu komai ba sai baƙin mai a goshi. Abin da ya fi ci min rai shi ne na fara jin muryar Yaya a cikin kaina tana cewa wala, ai na faɗa miki.

Inna ce ta buɗe min hanya ba da niyya ba. Muna zaune tana tsince shinkafa sai ta ce, "Ni dai ranar ƙwan nan ba zan manta ta ba, don ita ce ranar da ruwa ya jiƙa min kuɓewar da na shanya." Na ce ranar mai taksi fa? Ta ce ranar ma da laima tsofaffin suka shigo, har na Larle ya zame a bakin zaure. Na ce, "Inna, Allah ya ja kwananki." Na zabura na ɗebo bokiti, na dinga sheƙa wa bayan motar ruwa, ina zaton ruwa ne ke shiga fitila ya haɗa wayoyi. Na kwarara bokiti shida. Fitilu ba su ko ƙyafta ba. Abin da na samu kawai shi ne motar ta daina ƙarni.

Ranar Litinin a shago hankalina ba ya kan aiki. Wani ya zo sayen faifan hasken rana, yana min bayanin ɗakunansa, ni kuwa ina can ina tunani. In ba ruwa ne ke taɓa mota ba, to direba ne ke taɓa wani abu in ana ruwa. Na rufe shago da la'asar na koma Zango.

Shawo kan Baba ya fi kwance fitila wuya. Na durƙusa na roƙe shi, ya ƙi. Na ce to shi ke nan, zan kira Yaya in ce masa ya yi gaskiya. Ya harare ni, ya ce, "Halin uwata sak, ita ma haka take da baƙar magana." Ya tashi.

Na zaunar da shi a kujerarsa, amma a karkace, ƙafafunsa biyu a waje suna taka ƙasa, yadda ba mai cewa ya taɓa feda. Na murɗa makulli. Na ce, "Baba, ga hadari ya taso daga gabas, an fara yayyafi. Yi duk abin da ka saba yi." Ya dube ni kamar na zautu, sannan ya miƙa hannu. Ya kunna mashafin gilashi. Ya kunna fitilun gaba. Sai ya lalubi wani ɗan maɓalli can ƙasa kusa da gwiwarsa, ya yi bismilla ya danna.

Na zagaya baya da gudu. Fitilun birki duka biyu ja wur, ga ƙafafun Baba a waje cikin silifa. Na kira Inna, na kira mai zom-kom, na ce su zo su zama shaida. Daɗin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da na ci jarrabawa.

Na tambaye shi maɓallin mene ne. Ya ce wanda ya sayar masa da motar ya ce na mugun yanayi ne, shi kuwa mugun yanayin da ya sani shi ne ruwa. Na duba zanen da ke kansa, duk ya goge, amma na gane shi. Fitilar hazo ce ta baya, wadda a makaranta muke kira antiburuyar. A ƙasashen sanyi wani farin tururi ke sauka a kan hanya har mutum ba ya ganin motar gabansa, shi ne suka sa wata jar fitila mai ƙarfi a baya. Kuma guda ɗaya tak suke sawa a irin wannan motar, a hagu, da gangan, don kada na baya ya ɗauka birki ne. To me ya haɗa ta da birki a motar Baba?

Na buɗe bayan motar, na ɗaga tabarmar da tsofaffi ke aje takalma a kai, na ɓalle kwalin da ke rufe bayan fitilu. Wayoyin mota kowace da launinta, duk sun yi baƙi da tsufa. A tsakaninsu sai ga wata fara fes, irin ta fanka, ta taso daga ƙwan hazo na hagu, ta bi ta ƙarƙashin roba a ɓoye, ta je ta kama wayar birki ta dama. Duk lokacin da Baba ya danna maɓallinsa, wuta sai ta bi farar wayar nan ta kunna birki gaba ɗaya. In kuma birki aka taka, sai ta biyo baya ta kunna ta hazo, abin da ya sa hagu ya fi ja ke nan. An yi haɗin da dalma, sumul, ba irin murɗe-murɗen 'yan gareji ba. Kuma a kowane ƙarshe an yi wa wayar wani ɗan ƙulli kafin a liƙa.

Hannuna ya tsaya. Ƙullin nan na san shi tun ina 'yar firamare. Duk rediyon da ya taɓa lalacewa a Zango, in ka buɗe cikinsa za ka same shi. Aikin Kawu Mai Rediyo ne, tsohon da Baba ke ɗaukowa daga Larle. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amma Kawu muka tashi muna ce masa. A rumfarsa na fara riƙe ƙarfen dalma, shi ya ce wa Baba a bar yarinyar nan ta karanta wuta.

Na ɗago na dubi Baba. Bai ko leƙo ba, yana kallon darbejiya. Na ce, "Baba, ka sani."

Ya ce, "Na yi zato."

Sai ya ba ni labari. Farkon damina ya sauke Kawu a Larle ana ruwa, Kawu ya tsaya yana kallon motar tana tafiya, ya ga ja ɗaya mai haske a hagu, dama ba komai. Juma'ar da ta biyo ya zo da 'yar jakarsa, ya ce ba zai yarda abokinsa ya dinga yawo da mota mai ido ɗaya ba, 'yan sanda su tare shi a gaban jama'a. Bayan an ci tuwo ya karɓi makulli ya yi awa biyu a bayan motar. Baba ya ce ranar har waƙa ya ji yana yi.

Na ce, "To da aka fasa ƙwai me ya hana ka faɗa? Ka zauna ana ce maka ƙafarka ta mutu?"

Ya ce, "Uwata, yaushe rabon da wani ya kai masa rediyo? Kowa waya yake saurare yanzu. Hannunsa rawa yake, kofin shayi da ƙyar yake kai shi baki. Aikin nan shi ne na ƙarshe da ya yi, kuma don ni ya yi. In tashi in ce shi ya jawo min hatsari?" Ya ce in cire wayar in jefar, in gaya wa Yaya ɓera ne.

Na ce ɓeran da ya iya dalma ai sai a ba shi shago. Kuma na san Yaya: in bai ga wayar ba, ba zai yarda ba; in ya gani, zai tambayi wanda ya sa. Baba ya ce to zai ce shi da kansa ya sa. Na ce ai ka ƙara ba shi hujja ke nan, zai ce ka fara yi wa mota gyaran da ba ka tuna dalilinsa. Muka rabu a haka, yana fushi da ni ina fushi da shi. Na yanke wayar a gefe ɗaya, na naɗe bakin, na bar ta a wurinta.

Kwana biyu ina juya abin. Ranar Alhamis da hantsi na zana wayoyin bayan motar a takarda, har da farar, na hau moto na tafi Larle. Na tarar da Kawu a ƙofar gidan ɗansa, zaune a kan kujerar roba, jikoki suna ta Faransanci a kansa. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, wata mota ce ta gagare ni, na zo wurin malamina." Fuskarsa ta washe. Ya aika aka ɗauko masa tabarau da gilashin ƙara girma. Na ce masu motar sun ce in an kunna fitilar ruwa sai birki ya kama, har an daki bayanta, har an karɓe wa direban makulli an ce tsufa ne.

Ya bi zanen da yatsa, yatsan yana rawa. Ya ce, "Ai ga shi nan, wani sakarai ne ya haɗa nan da nan." Sai yatsan ya tsaya a kan farar wayar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na yi da na sanin zuwa. Can ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Ita ta hazon, guda ɗaya suka yi ta?" Na ce guda ɗaya. Ya ce, "Marowata." Sannan ya ce a miƙo masa sandarsa.

Haka muka ratsa gari, ni a gaba, Kawu a baya da babbar riga tana kaɗawa, sanda a gicciye a kan cinyarsa, yana ba ni umarni a kowace kwana kamar shi ya shimfiɗa hanyar. Duk wanda muka wuce sai ya waiwayo.

Yaya ya zo bayan la'asar, daga biro kai tsaye, da takalmi mai sheƙi. Na zaunar da Baba ƙafafu a waje, na sa ya danna maɓalli. Ja ɗaya a hagu. Na taɓa bakin farar wayar a inda na yanke, birki duka ya kama. Na ɗauke, ya mutu. Na sake taɓawa. Na yi masa sau biyar, uku na hujja, biyu na jin daɗina. Yaya ya tsuguna ya leƙa, ya shafa wayar, ya ce, "To wane ne ya yi wannan aikin?"

Baba ya buɗe baki, amma Kawu ya riga shi daga bakin zaure. Ya ce, "Ni ne. Duba dalmar da kyau, ka gaya min ko a biro ɗinku akwai mai yin irinta." Ya taso yana dogara sanda. Ya ce kuskure ya yi, kuma ya yi shi da kyau yadda shekara goma ba zai kwance ba. Ya ce laifin rabi nasa ne, rabi na mutanen da suka ƙera mota sukutum suka yi rowar ƙwan fitila ɗaya. Sannan ya nuna Baba da sanda ya ce, "Wannan kuma, da ya rufa min asiri ya bar ku kuna ce masa tsoho, ban gode ba. Na girme shi da damina biyu, ba ya rufa min komai." Baba ya ce damina ɗaya ce. Nan suka kama gardama, suka manta da mu.

Yaya dai ɗan halak ne. Ya karɓi makullin daga hannuna, ya je gaban Baba ya durƙusa da takalminsa mai sheƙi a cikin taɓo, ya miƙa da hannu biyu, ya ce a yafe masa. Baba ya bar shi a durƙushe ɗan lokaci, yana gyara hula, kafin ya karɓa. Da yamman nan kwano biyu ya ci. Ni kuwa na zare farar wayar gaba ɗaya, Kawu ya karɓe abarsa ya naɗe, ya ce waya ce mai kyau, ba a samun irinta yanzu.

Washegari Juma'a na biyo ta gida da hantsi don in ga fitar Baba. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa darbejiya. Na same shi ya wanke mota, ya sa hula, yana tsaye da makulli a hannu yana kallon sama. Ya ce in zo. Ya duba ko Inna na kusa, sannan ya rage murya.

Ya ce, "Uwata, kin san abin da ya sa nake danna maɓallin nan? In ruwa ya sauko, tun bara, ba na ganin na gabana sai na zo dab da shi. Sai in ce to bari na bayana dai ya gan ni. Ƙafata lafiyarta lau, kin nuna musu. Wannan kuwa ba waya ba ce."

Kwana biyar ina faɗa da kowa a kan mutumin nan, na yi nasara, ga shi ya zo ya karya min zuciya da magana huɗu. Hawaye suka zubo min, na ji haushin kaina.

Ya ce, "Ranar da gari ya yi haske ni zan ja abata. Ranar ruwa ke za ki ja, ai ni na koya miki. Asibitin ido kuma ki kai ni wani mako." Ya kama hannuna ya sa makullin a ciki. "Amma kada ki gaya wa yayanki tukuna. Bar shi ya sha kunyarsa ta kwana biyu, tana yi masa kyau."

Na yi dariya da hawayen a fuska. Aka fara yayyafi. Na shiga na gyara kujera na tayar da mota, shi kuma ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna a gefen da bai taɓa zama ba, yana ta neman inda zai aje ƙafafunsa.